Karatun Tsohon Rami a Fuskar Wata

Daren sha huɗu, da wata ya cika ya haske gari, shi ne daren da kowa ke ɗaga kai ya yaba. Masu nazarin fuskar wata kuwa ba su cika fitar da kayan aikinsu a wannan dare ba. A lokacin rana tana tsaye cak a kan ɓangaren da ke fuskantarmu, inuwa duk ta shige ƙarƙashin duwatsu, tudu da kwari sun zama abu guda, fari fat. Wanda ya leƙa zai sha haske har idonsa ya kawo ruwa, ya tashi bai ƙaru da komai ba. Darensu shi ne na bakwai ko na takwas ga wata, sa'ad da rabi ke haske rabi ke duhu. Layin da ya raba hasken da duhun shi ne inda gari ke wayewa a can. A bakinsa hasken rana a kwance yake zuwa, ɗan tudun da bai kai a ambata ba sai ya ja inuwa doguwa. Wannan layin asuba yana rarrafawa kimanin kilomita 15 a awa a tsakiyar wata, kuma a gefensa ake yin duk aikin da zan bayyana.

Aikin shi ne a dubi rami a faɗi tarihinsa: wa ya riga shi, wa ya biyo baya, me ya cinye masa baki, me ya cike masa ciki. Kayan aikin ba su da yawa. Madubin hangen nesa mai faɗin baki santimita 10 ya isa, domin zai nuna abin da faɗinsa ya kai kilomita 2 zuwa 3 a kan wata, daga nisan kilomita 384,000. Sai taswirar wata, da fensir, da takarda, da agogo, da 'yar fitila mai jan haske. Mai aikin yana fitar da madubin tun kafin magariba, ya bar shi ya huce, zafinsa ya daidaita da na iskar waje. Idan bai yi haka ba, iskar da ke cikin bututun za ta yi ta motsi, hoton ya riƙa rawa. Yana kauce wa hange ta saman rufin kwano, wanda ke fitar da zafin yini har tsakar dare. Yana girke ƙafafun madubin a ƙasa mai ƙwari, ya sa gilashin ido mai ƙara girma sau ɗari ko ɗari da hamsin, sannan ya zauna. Zaman yana cikin aikin: idon wanda ke tsaye a sunkuye ba ya natsuwa. Duniya tana juyawa, don haka wata yana ta zamewa daga cikin gilashin, sai an riƙa ɗan tura bututun da yatsa lokaci-lokaci. Iska ma ba ta barin hoton ya tsaya. Sai ka yi minti biyar kana kallon abu yana ɓalɓal, kwatsam iskar ta lafa na daƙiƙa biyu, komai ya fito tangaran, sannan ya sake dusashewa. A irin waɗannan daƙiƙu ake tsintar ilimin, kuma mai gaggawa ba ya riskarsu.

Kusan a cibiyar fuskar wata, ɗan kudu kaɗan, akwai manyan ramuka uku a jere daga arewa zuwa kudu. Na arewa shi ne Ptolemaeus, faɗinsa kimanin kilomita 153, mai sunan Batlimus na Iskandariya. Na tsakiya Alphonsus, kimanin kilomita 110, mai sunan wani sarkin Kastila na ƙarni na 13 da ya ɗauki nauyin masu lissafin taurari. Na kudu Arzachel, ƙasa kaɗan da kilomita 100, wato Az-Zarƙali, masanin falaki kuma maƙerin kayan auna taurari da ya rayu a Andalus a ƙarni na 11. Wani malamin Italiya, Riccioli, shi ya raɗa musu waɗannan sunaye a taswirar da ya fitar a 1651. Masu koyo suna son wannan jeri domin tsufa a cikinsa hawa-hawa yake, kuma dukkan ukun suna shiga cikin gilashi a kallo ɗaya. Ptolemaeus shi ne dattijonsu, shi za mu karanta.

Sai dai ba a gane tsohon rami sai an san yadda sabo yake. Dutsen da ya faɗo wa wata daga sararin samaniya yana zuwa ne da gudun kusan kilomita 20 a daƙiƙa guda. A wannan gudu ba huda ƙasa yake yi ba, fashewa yake yi, ya narke, ya haƙa ramin da ya ninka girmansa sau goma zuwa ashirin. Shi ya sa kusan duk ramukan suke da'ira, ko ta wace kusurwa dutsen ya zo. Idan ramin ƙarami ne, ƙasa da kilomita 15 ko makamancin haka, siffar ƙwarya yake ɗauka, zurfinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗinsa. Idan babba ne, bangon ba ya iya riƙe kansa. Cikin 'yan mintoci sai ya zame ciki sashe-sashe, ya bar matakala a jikinsa. Ƙasan ramin da duka ya danne kuma sai ya yunƙuro ya tsaya a matsayin tsauni a tsakiya. A waje, ɓaraguzan da aka watsar suna lulluɓe kewaye, manyan cikinsu su haƙa nasu ƙananan ramuka a jere, garin da ya fi laushi kuma ya tafi nesa ya zana fararen layuka a ƙasa. Tycho, can kudu, shi ne cikakken misali: faɗi kilomita 85, zurfi fiye da 4, baki mai kaifi, fararen layukansa sun kai nisan kilomita 1,500. Shekarunsa kimanin miliyan 108, wanda a lissafin wata yaro ne ƙarami. Baki mai kaifi, matakala, tsaunin tsakiya, zurfi, lulluɓin ɓaraguzai, fararen layuka: mai aikin yana riƙe da waɗannan a ka, ya je wa tsohon rami yana tambayar kowanne ina ya tafi.

A Arzachel kusan duk suna nan. Matakalar bangonsa a bayyane take, tsauninsa ya kai kilomita ɗaya da rabi, fararen layukan ne kawai suka gushe. A Alphonsus tsaunin yana nan, amma bangon ya faɗaɗa ya dakushe, matakalar ta cakuɗe. Ka matsa arewa zuwa Ptolemaeus, sai ka ga an kwashe kusan komai. Bakin ya daina zama da'ira, ya koma mai kusurwa kamar shida, a gutsuttsure, wani wuri tudu wani wuri giɓi, ƙananan ramuka sun ciccije shi ta ko'ina. Matakala babu. Tsaunin tsakiya babu ko alamarsa. Ɓaraguzan waje sun saje da ƙasar da ke kewaye, ba ka iya cewa ga inda suka tsaya. Cikin kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe mai launin toka-toka. Zurfinsa bai wuce kilomita 2 da rabi ba, alhali sabon rami mai wannan faɗi zai doshi kilomita 5. Herschel, wanda ke manne da shi ta arewa, faɗinsa kimanin kilomita 40 ne kawai, amma ya fi shi zurfi. Da mutum zai tsaya a tsakiyar filin Ptolemaeus, da ƙyar zai san a cikin rami yake, domin gantsarewar wata za ta ɓoye masa fiye da kilomita ɗaya da rabi na tsayin bangon, sai kawunan tsaunuka jefi-jefi a can nesa.

To, ta yaya mutumin da ke zaune a tsakar gidansa zai san zurfin rami a wata? Da inuwa. Wannan shi ne ɓangaren aikin da ya fi burge ni, saboda sauƙinsa. A daren bakwai rana tana fitowa daga gabashin ramin, bangon gabas ya jefa inuwarsa baƙa ƙirin a kan fili. Mai aikin ya san faɗin ramin, don haka sai ya kwatanta: inuwar ta ci kashi nawa na filin? A ce ta ci kashi ɗaya cikin biyar, kimanin kilomita 30 ke nan. Sai ya rubuta lokacin daidai, domin daga lokacin ne ake fitar da tsayin rana a sararin wannan wuri. Digiri ɗaya a jikin wata kusan kilomita 30 ne, kuma layin asuba yana cin rabin digiri a awa. Idan rana ta ɗaga digiri 5, inuwa tana ninka tsayin abu sau goma sha ɗaya da ɗoriya. A raba 30 da wannan, a sami kusan kilomita 2 da rabi. Shi ke nan an auna bango ba tare da an taka shi ba. Gefen inuwar ma yana magana: inda ya yi tsini, akwai ƙololuwa a kan bangon, inda ya lotsa, akwai giɓi. Tun 1610 Galileo ya yi amfani da wasan haske da duhu a bakin wannan layi ya ƙiyasta tsayin tsaunukan wata. Yau kumbon LRO na Amurka, da aka harba a 2009, yana auna tudu da kwarin wata da hasken leza, amma lissafin inuwar bai tsufa ba, kuma mai fensir da ya yi aikinsa da kyau ba ya yin nisa da amsar na'ura.

An samu cewa rami ya rasa rabin zurfinsa. Tambayar da ke biye ita ce wa ya yi wannan aiki. A duniyarmu amsar a fili take. Tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi a Ghana ramin dutsen sama ne, faɗinsa kilomita 10 da rabi, shekarunsa miliyan ɗaya da kaɗan, amma ruwa ya riga ya cika shi, daji ya rufe bangonsa, laka ta taru a ƙasansa. Wata kuwa ba ruwan sama, ba iska, ba tsiro. Zaizayarsa daga sama take zuwa. Dare da rana ƙananan ƙwayoyin dutse, wasu ba su kai ƙwayar rairayi ba, suna dukan fuskarsa da wancan mugun gudu, ba iskar da za ta tare su. Kowace ƙwaya tana tayar da ɗan gari, kuma a kan gangara garin da ya tashi ya fi faɗawa ƙasa-ƙasa. Sannu a hankali baki ya ragu, ciki ya ƙaru. Zafin rana da ya haura digiri 100 da sanyin dare da ya zarce 150 ƙarƙashin sifiri suna fasa duwatsu. Girgizar da kowane babban karo ke haifarwa tana kakkaɓe gangara. Iskar rana, wato ƙwayoyin da rana ke fesowa, tare da dukan ƙananan duwatsun, suna baƙanta gari, shi ya sa fararen layuka ke dusashewa cikin shekaru kusan biliyan ɗaya. Aikin bai tsaya ba har yau. A ranar 17 ga Maris 2013 masu sa ido sun ga walƙiya a kan wata, daga baya LRO ya gano sabon ramin da ta bari, faɗinsa kusan mita 19. A 2016 masu kula da kyamarar kumbon sun sanar da sababbin ramuka 222 da suka samu ta hanyar ɗora tsohon hoto a kan sabo suna neman bambanci.

Amma wannan zaizaya tafiyar hawainiya take yi. Dutsen da ke kwance a fili yana rasa kimanin milimita ɗaya ne a shekaru miliyan. Wasu masu bincike biyu, Fassett da Thomson, sun auna ramuka fiye da 13,000 a baƙaƙen filayen wata, suka fitar a 2014 cewa ramin kilomita ɗaya yana rasa kusan rabin zurfinsa a shekaru biliyan uku, mai mita 300 kuma ya kusa shafewa. Idan haka ne, ƙananan ƙwayoyi ba su isa su binne tsaunin tsakiyar rami mai kilomita 153 ba, ko da an ba su duk shekarun wata. Gwanin karatu a nan yake tsayawa ya ce akwai wani hannu mafi girma a cikin lamarin, sai ya koma kan gilashi ya nemi sawunsa.

Ƙa'idar neman sawun Bahaushe ya riga ya faɗe ta: sawun giwa ya take na raƙumi. Wanda ya taka daga baya, nasa ne a sama. Ramin da ya yanke bakin wani, shi ne ƙarami a shekaru. Bangon arewa na Alphonsus ya hau kan bangon kudu na Ptolemaeus, saboda haka Ptolemaeus ya riga shi. Ammonius, ɗan rami mai faɗin kusan kilomita 9 da ke zaune a arewa maso gabashin filin, bakinsa garau, zurfinsa kusan kilomita 2, ya zo ne bayan an gama shimfiɗa filin. Magana ce mai sauƙi, amma sai a farkon shekarun 1960 Eugene Shoemaker da Robert Hackman na hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka bi ta daki-daki a yankin ramin Copernicus, suna tantance wane lulluɓi ne ya hau kan wane, har suka fitar da jerin zamunan wata a 1962. Da gyare-gyaren da Don Wilhelms ya yi daga baya, shi ne jerin da ake aiki da shi har yanzu. A cikinsa Ptolemaeus yana zamani mafi tsufa, Alphonsus a na biye, Arzachel a na uku.

Sawun giwar kansa yana jikin bango. Idan iska ta lafa, ka dubi bangon Ptolemaeus da tuddan da ke kewaye da shi, za ka ga wasu dogayen kwaruruka sun tsaga su, kamar an ja ƙarfe a kai. Ba su karkace ba, kuma duk hanya guda suka nufa, daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Suna jikin Alphonsus. Suna jikin Albategnius da ke gabas, mai sunan Al-Battani. A jikin Arzachel kuwa babu su. Mai aikin yana ɗora mastara a kan taswira, ya ja kowane kwari baya, ya ga inda layukan za su haɗu. Suna haɗuwa ne a Mare Imbrium, wancan babban baƙin fili da ke arewa maso yamma, wanda ido ma yana ganinsa ba madubi, faɗinsa fiye da kilomita 1,100. Shi ma rami ne, na wani karo da ya auku shekaru kimanin biliyan 3.9 da suka wuce. Duwatsun da ya watsar sun tafi a kwance, suna tsaga duk abin da suka tarar har ɗaruruwan kilomitoci. Duk ramin da ke da wannan tabo ya girmi Imbrium, wanda ba shi da shi ƙaninsa ne. Da kallo ɗaya an raba Arzachel da 'yan'uwansa biyu.

Wanda ya fara karanta waɗannan tsage shi ne Grove Karl Gilbert, masanin duwatsu na Amurka. A 1892 ya yi dare 18 yana kallon wata da babban madubin rundunar ruwa a Washington, ya kuma riƙa jefa dunƙule a cikin laka yana duba irin ramin da zai fito. A zamanin yawancin masana sun tafi a kan cewa ramukan wata bakunan aman wuta ne. Har wani ɗan majalisa ya yi masa ba'a, wai ma'aikacin gwamnati ya rasa abin yi sai kwana kallon wata. A 1893 Gilbert ya fitar da sakamakonsa, ya ce karo ne ya haƙa ramukan, ya kuma nuna yadda tsagen suka fito daga Imbrium. An yi fiye da shekara hamsin ba a kula da maganarsa sosai ba, sai da Ralph Baldwin ya farfaɗo da ita a 1949, bayan ya jera zurfi da faɗin ramukan bama-bamai da na wata ya ga ƙa'ida guda suke bi. Dubban mutane sun kalli waɗannan kwaruruka kafin Gilbert. Shi ne ya tambayi inda suka nufa.

Saura filin. Da hantsi ya ɗaga, filin Ptolemaeus sumul yake, in ban da Ammonius da 'yan ɗige-ɗige. Amma akwai wasu 'yan awoyi, daidai lokacin da inuwar bango ta fara janyewa, rana ba ta wuce digiri ɗaya ko biyu ba, da filin ke tona asirinsa. A digiri ɗaya inuwa tana ninka tsayi sau 57, don haka lotsawar da ba ta taka kara ta karya ba sai ta bayyana. Sai ka ga da'irori marasa zurfi sun fito a filin, ba baki, ba kaifi, gefe ɗaya ɗan duhu, ɗaya gefen ɗan haske. Mafi bayyana a cikinsu yana manne da Ammonius ta arewa, faɗinsa kimanin kilomita 17. Waɗannan ramuka ne da aka binne. An haƙa su a cikin Ptolemaeus tun yana da zurfinsa, daga baya wani abu ya malalo ya rufe su, ya lotsa a kansu. Bayan 'yan awoyi rana ta ɗaga, su ɓace, sai kuma lokacin da rana za ta faɗi a wurin. Wanda ya leƙa sau ɗaya ya tafi zai rantse babu komai a wurin.

A nan fensir ke shigowa. Mai aikin yana fara zana da'irar ramin da manyan alamomi, sannan ya yi maza ya sa iyakar inuwa ya rubuta lokaci, domin inuwar ba ta jira. Bayan haka sai ya bi ƙananan abubuwa a natse, ɗaya bayan ɗaya, yana komawa gilashi yana tabbatarwa. Abin da ya gani sau ɗaya bai sake gani ba, ba ya sa shi, ko ya sa masa alamar shakka. Kyamara ta fi hannu daidaito, wannan ba gardama. Sai dai zane yana tilasta wa ido ya yanke hukunci a kan kowane ɗigo, ko rami ne ko tudu, ko yana saman wancan ko yana ƙarƙashinsa. Wanda ya zana Ptolemaeus sau uku ya san shi sanin da mai tara hotuna ɗari bai yi ba.

Me ya cike filin? Launinsa ya fi na baƙaƙen filayen haske, kuma irinsa yana kwance a kwaruruka da yawa na tsakiyar wata. Masu taswira sun sa masa suna shimfiɗar Cayley, kuma kafin 1972 yawancinsu sun ɗauka narkakken dutse ne na aman wuta. Don a tabbatar aka aika kumbon Apollo 16 yankin Descartes, kimanin kilomita 500 gabas da Ptolemaeus, inda akwai irin wannan shimfiɗa. A watan Afrilu na 1972 John Young da Charles Duke suka sauka, suna ɗaga dutse bayan dutse, kusan duk wanda suka ɗauka sai su ga gutsattsarin duwatsu ne daban-daban da ƙarfin karo ya manne wuri guda. Sun dawo da kusan kilo 96, dutsen aman wutar da aka je nema kuwa ba a same shi ba. Masanan suka karɓi hukuncin duwatsun, suka sake karatu. Fahimtar da ta fi rinjaye yanzu ita ce ɓaraguzan manyan karo, musamman na Imbrium, su ne suka zubo suka gauraya da ƙasar wurin, suka kwanta a duk inda ya yi kwari. Hannun da ya tsaga bangon Ptolemaeus, shi ne dai ya taimaka wajen cike masa ciki. Ina ganin wannan gyara ya ƙara wa sana'ar daraja, domin jerin wa ya riga wa da suka fitar daga hotuna ya tsaya daram, fassarar abin da aka yi shimfiɗar da shi ce kawai ta canza.

Jeri yana faɗin wa ya girmi wa, amma ba ya faɗin shekaru. Shekaru sai an ƙirga. Tunda duwatsu suna ta faɗowa, filin da ya daɗe a buɗe ya fi tara ramuka. Mai ƙirga yana shata yanki guda a hoto, wanda ya tabbatar shimfiɗa ɗaya ce, ya auna faɗin kowane rami a ciki, ya kasa su gida-gida bisa girma, ya raba da faɗin yankin. Aiki ne mai cin ido, kuma cike yake da tarko. Ramukan da suka zo a jere ko a cunkushe, masu baki a karkace, yawanci ɓaraguzan wani babban rami ne suka haƙa su a rana ɗaya, dole a cire su, in ba haka ba fili zai fito da tsufan da ba nasa ba. Ramukan da aka binne na tsohon fili ne na ƙasa, ba a haɗa su da na sama. Ƙananan ramuka kuma a tsohon wuri sun kai matsayin da kowane sabo sai ya shafe wani, ƙirgarsu ba ta ƙara faɗin komai. Hatta kusurwar rana a hoton tana canza yawan abin da ido zai gani, shi ya sa ake neman hotunan da aka ɗauka da haske iri ɗaya. A 1965 William Hartmann ya yi irin wannan ƙirga, ya ƙiyasta cewa baƙaƙen filayen wata sun kai shekaru biliyan 3.6. Bayan shekara huɗu Apollo 11 ya kawo duwatsu daga ɗaya daga cikinsu, awon ɗakin gwaji ya faɗa kusa da wannan adadi. Jimillar kilo 382 da tafiye-tafiyen Apollo suka kawo su ne ma'aunin da ake ɗora ƙirgar a kai, kuma a Disamba 2020 kumbon Chang'e 5 na ƙasar Sin ya ƙaro gram 1,731 daga wani fili mai shekaru biliyan 2, ya cike wani babban giɓi da ke cikin ma'aunin.

Mai madubi a gida ba zai yi wannan ƙirga da kyau ba, ramukan da ake bukata sun yi masa ƙanƙanta. Amma akwai rabin aikin da ke jiransa. A daren bakwai ya ga cikin bangon yamma a haske, na gabas kuwa yana cikin inuwarsa. Don ya ga ɗaya ɓangaren sai ya jira mako biyu, wajen ashirin da ɗaya ko ashirin da biyu ga wata, lokacin da rana ke faɗuwa a kan Ptolemaeus. A waɗannan kwanaki wata ba ya fitowa sai tsakar dare, ba ya ɗagawa sosai sai gab da asuba, don haka sai an tashi cikin dare an girke madubi. Inuwa ta juya, yanzu bangon yamma ne ke jefa tasa zuwa gabas, tana tsawo maimakon ta janye. Sai ya auna ta kamar yadda ya auna ta farko, ya sami tsayin bangon yamma, ya zana tsagen da ke cikin bangon gabas waɗanda duhu ya ɓoye masa a karon farko. Da'irorin da aka binne za su sake fitowa, duhunsu da haskensu sun yi musanyar gefe, kuma duk wadda ta bayyana a zanen safe da na yamma a wuri guda, ita ce yake cire wa alamar shakka.